GONA TSAKANIN TAKARDA DA AMANA

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, shi ne wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya ta mazauni da wurin neman abinci ga bayinsa, kuma shi ne zai gaje ta tare da duk wanda ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa musulmi, akwai wata tambaya da take yawan tasowa a ƙofar masallaci da zauren mai gari, musamman idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, kowa ya ɗauki gatari ya nufi sassabe. Wani zai ce: "Malam, gonar nan kakana ne ya sare dajinta, ubana ya nome ta har ya koma ga Allah, kuma duk garin nan an san tawa ce. Yanzu an ce in je wurin kwamitin filaye in karɓi takarda. Ashe wannan ba nuna rashin yarda ba ne ga 'yan'uwana da maƙwabtana? Ina amanar da muka gada?" Wani kuma zai ce: "Malam, ni tsorona daban ne. Gonar da nake nomawa aro ce a hannunmu tun zamanin iyaye. Ranar da aka rubuta ta da sunan wani, ranar ne ni da 'ya'yana za mu rasa wurin shuka." Waɗannan mutane biyu kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a sallame su da gajeriyar amsa ba.

Yadda muka zo wannan hali

A zamanin kakanninmu ƙasa tana da yawa, mutane ba su da yawa. Baƙo ya zo gari, mai gari ya nuna masa daji ya sare. Gona ta gaji, a bar ta saura shekaru ta huta, a koma wata. Wanda ya ari gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu bayan girbi, domin kowa ya tuna asalin gonar. A irin wannan zama babu mai buƙatar takarda, saboda abin da ya yi yawa ba a cika jayayya a kansa ba.

Yau al'amarin ya sake. Ƙidayar jama'a ta 1977 ta samu 'yan Nijar kamar miliyan 5, ta 1988 ta samu miliyan 7 da 'yan kai, ta 2012 kuwa ta samu fiye da miliyan 17, alhali ƙasar da ruwan sama yake isa a yi noma a cikinta siririya ce a kudu, ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba. A kudancin jihohin Maradi da Damagaram saura ta ɓace a garuruwa da yawa, gandun da ya ciyar da gida ɗaya an raba shi tsakanin jikoki ashirin, kuma gona ta shiga kasuwa ana saye ana sayarwa.

Hukumomi sun sha sa hannu a cikin lamarin. A 1960 an yi dokar da ta hana biyan ushirar gona ga masu ƙasa. A 1961 an shata iyakar noma ta arewa, aka ware abin da ke bayanta domin kiwo. A ranar 18 ga Disamba 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shela cewa duk gonar da mutum yake nomawa za ta ci gaba da zama a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ita ce a kare talaka, amma abin da ya biyo baya a wurare da dama shi ne masu gona suka shiga tsoron ba da aro, masu aro suka daina kai dami, kuma bayan rasuwarsa a 1987 tsofaffin ƙararraki suka sake tashi. Tsakanin manoma da makiyaya ma wuta ta sha kamawa, mafi muni a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, akasarinsu mata da yara. Allah ya jiƙan su, ya kiyaye mu daga ganin irin wannan rana.

A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa doka mai lamba 93-015, wadda ita ce ginshiƙin kundin tsarin karkara. Wannan doka ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta hanyar takarda kariyarsu ɗaya ce, kuma ta ce dukan 'yan ƙasa, maza da mata, daidai suke wajen damar samun albarkatun karkara. Daga gare ta ne aka samu kwamitocin filaye da ake kira kofo, na gunduma da na komin da na gari, na garin kuwa mai gari ne ke jagorantarsa. A nan ake ba da takardar shaidar mallakar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta haya, da ta aro, da ta jingina. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo, a 2021 gwamnati ta amince da manufar ƙasa game da filayen karkara.

Shin rubutu rashin yarda ne?

Mu koma ga mai tambaya ta farko. Amsarsa tana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, inda Allah ya umarci muminai da su rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, su kafa shaidu, kada su ƙosa da rubuta shi ko ƙarami ne ko babba. Waɗanda aka fara yi wa wannan umarni su ne sahabbai, mafi amanar al'umma. Idan da rubutu zargi ne, da ba a umarce su da shi ba. Kuma idan an nemi a rubuta bashin mudun hatsi, to ina ga gona wadda zuriya bayan zuriya za ta ci daga gare ta?

Hikimar a fili take. Kai da maƙwabcinka kun yarda da juna, amma ku biyun masu mutuwa ne. Dattijon da ya san inda iyaka ta tsaya zai tafi, gambar da aka shuka a iyaka za ta bushe, gawon da ake kwatance da shi zai faɗi. Jikokinku ne za su tsaya gaban sarki, kowa yana faɗin abin da ya ji daga bakin uwarsa. A lokacin, idan shaida ta ƙare, sai a ce a ɗauko Alƙur'ani a rantse. Mutum nawa ne suka dafa Littafin Allah a kan abin da ba su da yaƙini a kansa, saboda kunyar janyewa a gaban jama'a? Rantsuwar ƙarya da ake cin haƙƙin musulmi da ita tana daga cikin manyan zunubai. Wanda ya rubuta gonarsa yau, da gaskiya, a gaban maƙwabtansa, ya tsare jikansa daga wannan halaka. Saboda haka rubutu hidima ne ga amana.

Kuma musulunci bai ɗauki iyakar gona da wasa ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci ƙasar wani da zalunci, ko da gwargwadon taƙi ɗaya ne, za a rataya masa ita a wuya daga ƙasa bakwai ranar ƙiyama. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa an la'anci wanda ya sauya alamun iyakar ƙasa. To, wanda yake tura kunya ɗaya cikin gonar maƙwabci kowace damina, yana ganin wayo ne, ya san abin da yake tarawa.

Abin da tabbacin mallaka yake yi wa arziki

Masana tattalin arziki suna cewa rubuta mallakar ƙasa yana kawo ci gaba, kuma akwai gaskiya a cikin maganarsu wadda kowane manomi ya sani tun kafin su faɗa. Mutumin da bai tabbata baɗi gonar tana hannunsa ba, ba zai kai mata taki da amalanke ba, ba zai gina rijiya a fadama ba, ba zai dasa mangwaro ba. A al'adarmu ma ba a barin mai aro ya dasa itace ko ya gina rijiya, domin ana ɗaukar yin haka a matsayin da'awar mallaka. Sai ƙasar ta yi ta tsufa a hannun wanda ba ya iya gyara ta.

Mun ga misali da idonmu. A da, lokacin da manomi yake ganin itacen da ke gonarsa na ma'aikatan gandun daji ne, yakan sare shi tun yana tsiro don kada ya jawo masa tara. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da sassaben zamani ya fara bazuwa daga jihar Maradi, kuma manoma suka fara sakankancewa cewa itacen da suka raina nasu ne, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo cikin gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka da kimanin hekta miliyan 5. Babu wanda ya tilasta wa manomi. Tabbaci kawai ya samu.

A ƙara da dukiyar da shari'ar gona take cinyewa: kuɗin mota zuwa gidan sarki da kotu, da ciyar da shaidu, da damina guda da ake hana kowa shuka har a yanke hukunci, da zumuncin da yake yankewa har ɗan wa da ɗan ƙane su daina gaisawa a masallaci ɗaya. Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan aiki da ƙarfi ƙwarai. Ruwanda ta auna ta rubuta filaye fiye da miliyan 10 a cikin 'yan shekaru daga 2009.

Inda takarda take zama makamin zalunci

Amma ya ku 'yan'uwa, mai tambaya ta biyu ma ba mafarki yake yi ba. Takarda ba ta san gaskiya ba, abin da aka faɗa mata take riƙewa. Idan an rubuta gaskiya ta tsare gaskiya shekara ɗari, idan an rubuta zalunci ta tsare zalunci shekara ɗari. Ummu Salama ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani yana iya fin wani iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma wanda ya karɓi irin wannan yankin wuta ya karɓa. Idan hukuncin Annabi da kansa, wanda aka gina bisa zahirin magana, bai halatta wa mutum haƙƙin ɗan'uwansa ba, to hatimin ofis ba zai halatta shi ba.

A Kenya, rajistar filaye da Turawan Ingila suka fara daga 1954 ta rubuta gonaki da sunan magidanta maza, sai mata da ƙanne da yawa suka wayi gari ba su da wani haƙƙi da doka ta sani a ƙasar da suke ci daga gare ta. Wannan darasi ne gare mu. Mutum huɗu ne ake jin tsoron takarda ta manta da su.

Na farko, mace. A al'adance miji yakan ba matarsa gamana ta noma nata, amma da ƙasa ta yi ƙunci gamana ce farkon abin da ake karɓewa. Idan aka zo rabon gado kuma, sai a raba tufafi da awaki bisa ƙa'ida, a ce gona ta maza ce. Wannan ba daga addini yake ba. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, kuma ba ta cire gona ba. Ɗan'uwan da ya riga 'yan'uwansa mata zuwa kofo ya rubuta gandun ubansu da sunansa shi kaɗai, ya ɗaure wa kansa kayan da ba zai iya saukewa ba.

Na biyu, maraya da wanda ya tafi cin rani ko bida a nesa. Wanda ba ya nan ba ya iya cewa bai yarda ba, don haka alhakinsa yana kan waɗanda suke nan.

Na uku, makiyayi. Shi ba shi da kunya da zai nuna, sawun dabbarsa kuwa iska take shafewa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa musulmi sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya ta jama'a a Rabaza, ya umarci mai tsaronta da ya fifita masu 'yan dabbobi kaɗan a kan masu manyan garkuna. Dokar kiwo ta 2010 ita ma ta amince da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana mutum ya mayar da filin kiwon jama'a mallakar kansa. Wanda ya nome burtali, ko ya kewaye tabki, ko ya samo takarda a kan makiyaya, bai ci haƙƙin mutum ɗaya ba, ya ci na jama'a, kuma wa zai bi ya nemi gafararsu ɗaya ɗaya? Haka nan makiyayin da ya saki dabbobinsa cikin amfanin gona kafin a saki gonaki, shi ma azzalumi ne, kuma Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin Annabi cewa ɓarnar da dabbobi suka yi da dare masu su ne za su biya.

Na huɗu, mai aro, kuma nan ne tambayar ta fi wuya.

Hukuncin gonar aro

Mu ɗauka wani gida ya nomi gona shekara arba'in, sun zuba mata taki, sun binne iyayensu a garin, amma kowa ya san asalinta aro ce. Ta wa ce? Malaman mazhabar Malikiyya sun ce wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana sarrafa ta kamar tasa, mai da'awa yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraren da'awarsa bayan haka. Amma sun ce wannan ba ya amfanar wanda aka tabbatar cewa da aro ko haya ya shiga. Saboda haka tsawon shekaru ba ya mayar da aro mallaka, kuma mai aron da ya musanta asalin da ya sani ya ci amanar wanda ya kyautata wa iyayensa, ya kuma rufe ƙofar aro ga talakawan da ke bayansa.

Sai dai mai gona ma ba a sakar masa hannu ba. A mazhabarmu aro yana lizimtar mai bayarwa har zuwa lokacin da aka ambata, ko lokacin da al'ada ta sani idan ba a ambata ba. Ba ya halatta ka jira mutum ya gama kai taki, ko ya yi shuka, sa'an nan ka ce ka karɓi gonarka. Kuma mu tuna cewa a musulunci mallakar ƙasa tana tafiya da raya ta. Hadisi ya ba wanda ya raya mataccen fili mallakarsa, kuma Sayyidina Umar ya karɓe daga hannun Bilalu ɗan Harisu abin da ya kasa nomawa na filin Aƙiƙ, ya raba wa musulmi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasa. Don haka attajirin da yake saye gonakin talakawa a shekarar yunwa, ya tara takardu a akwati, ya bar masu su suna ƙwadago a cikin abin da yake nasu jiya, ko da cinikinsa ya inganta a zahiri, sai ya shirya amsar da zai bayar a kan jin ƙai.

Mafita ita ce a rubuta haƙƙin biyu tare: mallakar mai gona a takardarsa, aron mai aro a tasa, da shekarun da aka yarda a kansu. Ta haka mai gona zai daina tsoron bayarwa, mai aro zai daina tsoron gyarawa. Game da jingina kuwa, a yi hattara: mutum ya ba da rancen kuɗi, ya riƙe gona yana cin amfaninta shekara da shekaru, kuɗinsa kuma suna nan cif ba su ragu ba, wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma malamanmu sun hana shi. Rubuta shi a takarda ba ya tsarkake shi.

Abin da ya kamace mu

Ga magidanci: ka raba gado da wuri bisa shari'a, ka fitar da rabon mata da marayu kafin a rubuta komai, ka kira maƙwabtan iyaka huɗu su tsaya a gonar da rana tsaka.

Ga mai gari da sarakuna da 'yan kwamitin filaye: sa hannunku shaida ce, kuma za a tambaye ku a kanta. Kada ku ba mutum biyu takarda a kan gona ɗaya, kada ku sa hannu a kan abin da ba a yi shelarsa ba, kada kuɗin takarda ya fi ƙarfin talaka har ta zama ta masu hali kaɗai. Ku tabbata wakilan mata da na makiyaya da aka tanadar wa kujera suna zaune a kanta, kuma ana jin maganarsu.

Ga limamai da malamai: ku karantar da babin gado da aro da jingina kamar yadda kuke karantar da babin alwala, ku tsoratar da mutane daga rantsuwa a kan abin da ba su gani ba, ku yi sulhu tun magana ba ta bar zaure ba.

Ga wanda ya san a ransa cewa kunyar da yake nomawa ba tasa ba ce, ko yana da takarda ko ba shi da ita: ƙofar tuba a buɗe take, kuma mayar da ita yau a gaban mutum biyar ya fi sauƙi a kan ɗaukarta gobe a gaban dukan halitta. Rabon kowannenmu na ƙarshe daga wannan ƙasa bai wuce tsawon kabarinsa ba.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sanya zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, ya jiƙan iyayenmu da suka sare dajin da muke ci. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.